Shirun da Na Yi wa Mama

Ƙusa ce ta soki Mama a tsakar gida, ba ta ji ba, domin ciwon sukari ya riga ya kashe mata tafin ƙafa. Sai da wari ya fara fita sannan ta yarda aka kai ta asibiti. Likita ya kwance tsumman da ta ɗaure wurin da shi, ya duba, ya mayar ya rufe, ya ce a kira namiji a cikin 'ya'yanta. Bayan kwana huɗu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

A lokacin ina sayar da gwanjo a Taminus cikin garin Jos, a bakin titi kusa da ƙonanniyar kasuwa: rigunan sanyi, safa, hulunan yara. Shekarata arba'in da ɗaya, na yi aure sau biyu duk sun mutu, ban taɓa haihuwa ba. Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda Mama ta haifa, ni da Yaya, wanda yake aiki a Abuja. Sunan mahaifinta aka sa masa, saboda haka ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Babana. Ni kuwa "ke" take ce mini tun ina yarinya.

A barandar asibiti aka yanke shawarar wanda zai yi jinya. Yaya ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa, ya ce, "Kin ga dai yadda abin yake. Matata tana aiki, ga yara 'yan makaranta. Ke ce ba ki da nauyin kowa a kanki."

Na ce, "Kasuwata fa, Yaya?"

Ya ce, "Wace kasuwa? Tsummokaran nan?"

Da sati ya zagayo na ɗaure kayana a buhu biyu, na bar wa wata abokiyar sana'ata wurina, na hau keke zuwa Anguwan Rogo, gidan da na bari shekara ashirin da suka wuce da niyyar ba zan sake kwana a cikinsa ba.

Mama mai masa ce a da, duk layinmu an san ta. Direbobi da teloli da 'yan makaranta suna yin layi a ƙofar gida tun sanyin safiya, ita kuwa tana zaune gaban tanda tana juya masa tana zazzaga wa kowa magana. Mutane suna jin daɗin bakinta domin su ba su kwana da shi. Ni na kwana da shi. Ba ta cika dukana ba, ba ta buƙatar haka. Idan na wanke kwano ta ɗaga shi ta duba a rana. Idan na yi kwalliya ta ce wa nake tsammani zai kalla. Ranar da aka kawo mini takardar sakina ta biyu, ta karanta fuskata ta ce, "Ai na yi mamakin da ya kai shekara uku."

Wannan matar ce aka kwantar mini a kan katifa mai leda, da dungun ƙafa naɗe da bandeji, aka ce ga ta nan, sai haƙuri.

Aikin ba shi da wuyar koyo. Da safe in soki yatsarta in ɗiga jinin a ɗan injin gwaji, in yi mata allura a cinya, in sa mata fo, in kwashe, in dafa ruwa in goge mata jiki domin a sanyin Jos ba a taɓa tsohuwa da ruwan famfo. In wanke dungun da ruwan gishiri, in juya ta gefe don kada bayanta ya yi gyambo. Sai abinci. Nas ta rubuta mana abin da za ta ci: acca, ganye, wake kaɗan, ba sukari, ba burodi, ba masa. Kullum gwaten acca da kabeji da yakuwa, ko tuwon acca miyar kuɓewa. Mama takan tauna lomar farko ta tofar a kan zanena.

"Yashi kike ba ni."

"Abin da aka ce ki ci ke nan, Mama."

"Wa ya ce? Ke kika ce. Kin samu dama."

Kafin shekara ta cika idonta ya tafi. Na dama ya fara, na hagu ya bi shi bayan wata biyar. Daga nan duniyarta ta koma faɗin katifa, tawa kuma ta koma faɗin ɗakin da tsakar gida. Abokiyar sana'ata ta zo sau biyu, ta zauna a bakin ƙofa tana toshe hanci da gefen mayafi a fakaice, ba ta sake zuwa ba. Wayata takan yi kwana uku ba ta yi ƙara ba. Na kai har in tsaya a zaure in saurari masu keke suna faɗa da fasinja a kan hanya, don kawai in ji muryar da ba tata ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya yake kira. Tun safe Mama za ta ce in ɗaura mata ɗankwali mai kyau, in sa mata kwalli a idon da ba ya gani. In riƙe mata wayar a gaban fuska, hannuna yana sagewa, in ji wata murya ta fito daga bakinta, mai laushi, wadda ban taɓa sani ba.

"Babana, ka ci abinci? Kada ka riƙa wahalar da kanka da kira, na san aiki ya yi maka yawa. Allah ya yi maka albarka."

Shi kuma ya ce, "Ana kula da ke dai ko, Mama?"

Sai ta yi ɗan shiru, shirun da ta san zai isa Abuja, sannan ta ce, "To, an gode Allah."

Idan ya kashe, zai sake kira a kan lambata ya ce in ji tsoron Allah, uwa ce, kada in bari gajiya ta sa in yi abin da zan yi nadama.

Masu zuwa dubiya ma haka take yi musu. Matar telan da ke maƙwabtaka da mu ita ce ta fi zuwa, mace mai tausayi da saurin hawaye. Ina tsakar gida ina wankin zannuwa sai in ji Mama tana rage murya tana ce mata tun jiya ba a ba ta komai ba, naman da Babana ya aiko ni nake cinyewa, ina jira ta mutu in gaji ɗaki. Matar tela ta fito ta wuce ni tana kallon ƙasa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Kowa abin da yake ce mini ke nan. Lada. Na ji kalmar har ta zama kamar ƙarar famfo. Wani lokaci ina durƙushe ina goge kashin da ya zubo ta gefen leda sai in tambayi kaina ko ana rubuta lada ga wanda hannunsa yake aiki zuciyarsa tana zagi. Ban sami wanda zan tambaya ba. Malamar islamiyyar da na taɓa soma yi wa maganar ta katse ni tun ban kai ƙarshe ba, ta ce in yawaita istigfari.

Wata safiya injin ya nuna lambar da ban taɓa gani ba. Na sake gwadawa, haka. Na ɗaga matashin kanta, sai ga ƙullin leda da cincin a ciki, da kwalbar lemo wadda aka sha rabi aka tura tsakanin katifa da bango. Matar tela ce take kawo mata a ɓoye cikin hijabi.

Na ce, "Mama, so kike a yanke ɗayar?"

Ta ce, "Ba ni kayana."

Na fita da su na zuba a kwata. Tana jin ƙarar kwalbar ta fara. Ta zage ni da abin da na saba ji, sannan ta wuce zuwa abin da ban saba ba. Ta ce cikin 'ya'ya biyar da ta binne, babu wanda ba ta roƙi Allah ya bar mata shi ya ɗauke ni a madadinsa ba. Ta ce da Allah ya ga alheri a cikina da ya ba ni ko ɓari ne. Ta faɗe shi a natse, ba da ihu ba, kamar mai lissafa kayan miya.

Na ɗauki mayafi, na ja takalmi da ƙarfi yadda za ta ji, na buɗe ƙofar gida na rufe ta garam. Amma ban fita ba. Na cire takalman na riƙe a hannu, na dawo a kan yatsun ƙafa, na shiga ɗakin na zauna a kan buhun acca da ke bayan ƙofa. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba.

Ban shirya yin haka ba, kuma ban san abin da nake nema ba. Da farko ta ci gaba da zagi, ita kaɗai. Da ta gaji ta yi shiru tana saurare. Can ta ce, "Ke." Ta sake cewa, "Ke!" Hantsi ya ɗaga, rana ta shigo ta taga ta sauka a kan dungun ƙafarta, ƙuda suka taru a bandejin. Ta kai hannu tana laluben kofin ruwa, ta ture shi ya zube. Na ga ruwan yana gangarowa har ya taɓa yatsun ƙafata, ban motsa ba. Ta kira matar tela, muryarta ba ta wuce tsakar gida ba. Fitsari ya matse ta, ta laluba fo ba ta same shi ba domin yana ƙarƙashin gado ta wajen ƙafa, ta riƙe iya riƙewa sannan ta sake a kwance. Sai ta fara kuka. Ban taɓa ganin kukan Mama ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Kuka ne siriri kamar na ɗan akuya, tana yi tana kiran innarta, wadda ta mutu tun kafin a haife ni.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne abin da na ji a lokacin. Daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mini daga ƙirji har ciki, irin wanda mutum yake ji idan ya sauke tulu daga ka. Na zauna ina kallonta har aka kira azahar. Sannan na lallaɓa na fita, na buɗe ƙofar gida na rufe, na sa takalmi, na shigo da sallama.

"Ina kika je?"

"Kasuwa."

Na canza mata zane, na goge mata jiki, na ba ta gwate, ta cinye tas ba ta tofar ba.

Na sake yi bayan kwana biyar. Na sake yi a satin da ya biyo. Ya zama mini abin da nake jira, kamar yadda wasu suke jiran shirin rediyo. Na ƙware: na san inda siminti yake ƙara, na san yadda zan yi numfashi ta baki. Wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci har uku. Ina kallon yadda take magana da bango, yadda take ƙirga yatsunta, yadda take jan zare daga bakin bargo tana naɗawa a yatsa tana warwarewa. Ina idar da sallar la'asar in roƙi gafara, gobe ko jibi in koma kan buhun. A cikin watannin nan matar tela ta ce na yi ƙiba, fuskata ta washe.

Ranar da abin ya ƙare ana ruwa, irin ruwan Agusta da yake wuni yana zuba a kan kwano. Na yi tsammanin ƙarar ruwan ta rufe ni sosai. Na fi awa ɗaya a zaune, ita kuma tana kwance rigingine, idanunta farare a buɗe suna kallon silin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Sai kawai ta juyo da fuskarta daidai inda nake.

"Buhun nan zai fashe in kika ci gaba da zama a kansa."



Ta ce, "Tun rana ta biyu na sani. Kina warin sabulun wanki, kuma cikinki yana kuka. Makauniya ce ni, ba kurma ba."

Na ce, "To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ce me? Ina so in ga iyakarki." Ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci. "Ai yau na tabbata ni na haife ki. Da innata ta kwanta a Naraguta, shekara uku ina jinyarta. Nakan ajiye mata kunu inda hannunta ba zai kai ba, in tsaya ta taga ina kallo. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Har ta mutu mutane suna sa mini albarka."

Na ji kamar in tashi in riƙe hannunta. Wallahi na ɗan ɗaga daga kan buhun. A raina na ce yau ga mu mu biyu, ba mai ɓoye wa wani komai, wataƙila daga nan a fara wani abu. Amma ba ta gama ba.

Ta ce, "Bambancinmu ɗaya ne. Innata tana da ni, ni ina da ke. Ke fa? Ranar da kika kwanta, babu ko wanda zai zauna a bayan ƙofa ya ji daɗin kukanki. Da gaske ɗakin zai zama ba kowa."

Ta juya ta fuskanci bango ta ce in ba ta fo.

Daga ranar ban sake zama a kan buhun ba. Na daina kuma wani abu. Washegari da ta ce shayi take so da sukari, na tashi na dafa, na zuba cokali uku, na yanka mata burodi mai kauri. Ta riƙe kofin da hannu biyu ta shanshana, ta tsaya.

"Da sukari?"

"Da sukari."

Ta daɗe tana riƙe da shi, tururin yana dukan fuskarta. Ta san abin da yake nufi, ni ma na sani. Sannan ta sha, har ta sa yatsa ta lashe na ƙasan kofin.

Bayan haka duk abin da ta nema sai in ba ta. Masa da sukari a barbaɗe, lemon kwalba, alawar madara, shinkafa fara da mai. Ina yi mata allura kamar kullum, amma injin gwajin na sa shi a cikin kwalla na rufe. Wata biyun da muka yi a haka su ne mafi zaman lafiya da muka taɓa yi da ita. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya. Ba ta kuma gode mini ba. Takan ci, ta yi gyatsa, ta gaya mini cewa mai masar da nake saya a wurinta ba ta iya jiƙa shinkafa ba. Har yau idan aka tambaye ni, tsakanina da Allah, ko tausayi ne ya sa na buɗe gwangwanin sukarin ko kuwa gajiya da jiranta, ba ni da amsa. Na juya abin ta kowane gefe, kowanne yana da gaskiya.

Wata Talata da hantsi na kawo mata ruwan wanka na tarar ba ta amsawa, numfashinta yana fita da ƙarfi, bakinta a bushe. Tela da wani mai keke suka ɗauke ta. A asibiti wata likita matashiya ta duba takardar gwaji ta ɗago ta dube ni.

"Me take ci a gida?"

Na ce, "Acca."

Ta ci gaba da kallona na ɗan lokaci, sannan ta rubuta wani abu ta wuce gado na gaba. Kwana biyu Mama ta yi ba ta farfaɗo ba. Ta cika ranar Alhamis bayan azahar, ina waje wajen famfo ina wanke kwanon da ban ci komai a cikinsa ba. Yaya yana hanya, ya iso an riga an rufe mata fuska.

Ni na yi mata wanka tare da wata tsohuwa ta unguwa. Jikin da na sani fiye da nawa, kowane tabo da kowane lanƙwasa, ya yi nauyi a hannuna yadda bai taɓa yi ba. Ban yi kuka ba, tsohuwar ta ce wannan shi ne tawakkali. A zaman makoki Yaya ya yi kuka sosai, maza suna riƙe shi. Da ya natsu ya tsaya a tsakar gida a gaban mata ya ce duk duniya babu wanda ya yi wa uwa abin da ƙanwarsa ta yi, shi shaida ne, Aljanna ta gama samuwa. Mata suka amsa da amin. Matar tela ta rungume ni tana neman gafarar zargin da ta taɓa yi mini a zuci. Na ce na yafe.

Bayan addu'ar bakwai kowa ya watse. Na koma Taminus na tarar wata ta daɗe da kafa tebur a wurina, abokiyar tawa ta ce ai ba ta zaci zan dawo ba. Na tsaya a bakin titi, motoci suna hon, 'yan talla suna ture ni, na ga ba wanda ya san na yi shekara biyu ba na nan. Na koma gida. Nakan farka da asuba in dafa ruwa tukunya guda, sai ya tafasa in tuna ba wanda zan goge wa jiki. In zauna in kalle shi har ya huce.

Ana cikin haka wata Hajiya daga bayan layinmu ta yi sallama. Ta zauna ta yi ta'aziyya, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Yayarta ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta magana, 'ya'yanta duk suna Kaduna da Legas, an rasa mai zama da ita.

Ta ce, "Duk unguwa ke ake misali da ke. An ce hannunki yana da albarka, ga haƙuri. Irinki muke nema, mai tsoron Allah, wadda za a bar mata mutum a rufe ƙofa hankali kwance."

Na dube ta. Na buɗe baki da niyyar in gaya mata kada ta kuskura. Abin da ya fito shi ne, "Yaushe zan fara?"

Ranar Asabar na je. Ɗakin yana da tsabta, da labule mai ruwan ƙasa da talabijin da ba a kunnawa. Matar tana kwance, siririya, bakinta ya karkace gefe ɗaya, miyau yana bin haɓarta. Idanunta lafiya lau, manya, suna bin duk inda na yi. Hajiya ta nuna mini inda magunguna suke da inda ake shanya, ta ce za ta leƙo da yamma, ta fita ta ja ƙofar. Na ajiye jakata, na naɗe hannun riga, na tambayi matar ko tana son ruwa. Ta ƙifta ido sau ɗaya. Na ɗago kanta a kan hannuna na kai mata kofin baki, tana sha tana kallona, ni kuma ina kallon bango.